Mujiyar da Inna Ta Ɗora a Saman Gida

Yayana ya ƙaura unguwar Akwa ta masu hali a nan Douala, ya bar mu a New Bell, kuma tun daga nan ƙafarsa ta yi nauyi. Kuɗin bensikin, wato ɗan acaɓa, ba su fi ƙarfinsa ba. Lungunmu ne ya yi masa wari. Inna kan ajiye masa tuwo ranar Juma'a, mu cinye ranar Asabar.

Can ya shiga wata ƙungiya ta masu kallon tsuntsaye. Manyan mutane ne da furfurarsu, Turawa da 'yan ƙasa, suna rataye madubin hangen nesa a wuya, suna bin bakin ruwa da gajeren wando. Mutumin da bai san Inna ta fara ciwon gwiwa ba, ya san sunan kowace balbela da Faransanci.

Inna kuwa kilishi take yi tun rasuwar Baba, tana shanyawa a saman benen da bai ƙarasa ginawa ba. Rana a Douala ba ta zama, ga shirwa da hankaka sun hana ta sakat. Sai ta sayo mujiyar roba a wani shagon 'yan China, mai ido jawur, ta kafa ta a kan bulo. Maƙwabta suka yi ta tsaki, wai wa ke kawo mujiya gidansa da hannunsa. Kullum da safe sai ta hau ta sauya mata wuri, don in ta daɗe a guri ɗaya shirwa kan gane.

Wata rana Yaya ya biyo ta titinmu a tasi, ya hango mujiyar, ya ɗauka ta gaske ce. Asabar sai ga shi da mutanensa. Suka jeru a tsallaken kwata suna raɗa, wai kada su firgita ta. Wani dogo yana ta cewa, “Doucement, doucement,” wato a hankali. Ni ina ƙofar gida, kunya da takaici sun ishe ni.

Bayan sun watse ya shigo, ya durƙusa a gaggauce.

“Inna, tsuntsun nan yaushe ya fara zuwa?”

Na buɗe baki, ta taka min ƙafa.

“Ya ɗan kwana biyu,” in ji ta. “Zauna ka ci abinci.”

Ya zauna, ya ci har da ƙari.

Daga nan kowace Asabar yana nan. Mutanensa suka ce mujiyar ta motsa, ai makon jiya gabas take kallo. Ɗaya ya rantse ya ga ta ƙifta ido. Duk iliminsu babu wanda ya tambayi abin da ke zaunar da mujiya a tsakar rana kusa da nama ba ta taɓa ba. Inna ta koma yin miyar kuka da man shanu, irin wadda yake so. Tana hawa benen nan da gwiwarta tana nishi, ta hana ni taimaka mata, wai ban iya ajiye mujiyar yadda za ta yi kyau daga titi ba.

Iskar damina ce ta tona asiri. Suna tsaye hadari ya taso, mujiya ta gangaro ta bugi kwanon rufin maƙwabta, ta faɗo gabansu tana ƙara kamar fankon galan. Dogon nan ya fashe da dariya. Yaya bai yi dariya ba. Ya dubi ƙofar gidanmu kamar mu muka ci amanarsa, ya tsayar da bensikin ya hau. Tuwonsa na rufe a ɗaki.

Na tsani abin da ya yi, kuma har yau ban huce ba.

Inna ta fita cikin ruwan ta ɗauko mujiyar, ta wanke mata taɓo, ta liƙe fashewar da ke kanta. Yanzu ta daina sauya mata wuri. Shirwa har sauka take a kanta ta zaɓi naman da take so. Na ce mata, “Inna, ba ta korar komai fa.”

“Na sani,” in ji ta. “Bar ta a nan, an fi ganin ta daga titi.”