Furen da ya fasa daɓen mahaifiyata

Shekarun baya can, lokacin da sojoji suka koma bariki, kowa a unguwarmu ta Sheshe murna yake, ni kuwa ina zaune a gida. Masaƙar da nake aiki ta sallame mu. Aka ce farar hula sun zo, komai zai gyaru. Na ce to, ma gani.

Abokina mai aikin lambu a gidan wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, ya kawo min wani abu kamar albasa. Ya ce, "Binne shi. Furensa fari ne kamar ƙararrawa, duk shekara yana dawowa." Na ce, "Ana miya da shi?" Ya ce a'a. Na ce, "Ka kawo wa marar aiki marar amfani, mun dace."

Na dai binne shi a kusurwar tsakar gida, ya yi ganye. Maganar gaskiya, shi kaɗai ke fito da ni daga ɗaki da safe. Ƙato da ni, har da gemu, ina tsugune ina leƙen ganye. Fure kuwa ko ɗaya. Rani na shigowa ya bushe ƙurmus. Na ce shi ke nan, har ciyawa ta ƙi ni. Na koma ɗaki, ko zaure na daina fita.

Sai bikin ƙanwata ya taso. Yayana ya ce a zuba wa tsakar gida siminti. Mahaifiyata ta ce, "Ba a gidana ba. Ya gasa min ƙafa? Daɓe za a yi." Matan unguwa suka zo da madaɓansu, ana yayyafa ruwa ana bugun ƙasa ana waƙa. Mahaifiyata ta leƙo ɗakina ta ce, "Kai, abin naka fa? A kewaye shi?" Na ce, "Ku bi ta kansa, Inna, ya mutu." Suka bi ta kansa, wuri ya yi sumul.

Da damina ta sauka, wata safiya na ji tana kira: "Fito ka ga ɓarnar da ɗanka ya yi min!" Daɓen ya tsage, wani koren tsinke ya leƙo. Ba a daɗe ba ya buɗe, fari fat, kansa a sunkuye. Ta ce, "Shi da aka daɓe ma ya fito. Kai wa ya daɓe ka?"

A satin na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa na kama dakon rodi, daga baya na samu 'yar rumfa.

Alkawuran da aka yi mana a waccan shekarar, har yau ban ga tsironsu ba, kuma na daina leƙawa. Amma na san ba duk abin da ya bushe ne ya mutu ba. Inna ta rasu, yayana ya samu simintinsa. Kusurwar nan kaɗai na hana.