Ni Malam Bai Taɓa Tsokanata Ba

Malamin lissafinmu a sakandare yana da wata ɗabi'a: wanda yake so shi yake tsokana. Kowa a ajin ya san haka. In ya duba littafinka ya ce "da kyau" ya wuce, to ba ka cikin mutanensa. Ni kuwa kullum "da kyau" nake samu.

Wanda ke zama kusa da ni ɗan wani mahauci ne daga unguwar Abatuwa, ko bakwai sau takwas sai ya ƙirga da yatsu. Amma shi ne ɗan gaban goshi. Malam zai ɗaga littafinsa da yatsu biyu ya ce, "Saniyar da babanka ya yanka jiya ta fi wannan amsar rai." Aji ya kwashe da dariya, gogan yana washe baki kamar an ba shi kyauta. Akwai kuma wata 'yar Ibo da babanta ke sayar da kayan mota. In ta kasa amsa sai ya ce, "Gobe ki taho da sabon batir daga shago, naki ya sauka." Da ni ake dariyar, amma wallahi kishi ke cina.

Ran nan na shirya. Na baro unguwarmu Tudun Wada da wuri, na laɓe a bayan katangar makaranta cikin sanyi har darasi ya yi nisa. Na san abin da Malam yake wa masu latti: sai ya sa aji ya miƙe a gaida "oga mai duba gari". Na shiga ina jan ƙafa, ina jiran rabona.

Ya dube ni, ya ajiye alli. "Lafiya dai? Ba abin da ya faru a gida?" Na ce babu. Ya ce, "To zauna," ya ci gaba da rubutunsa.

Har yau in 'yan ajinmu suka haɗu a wurin biki, kowa yana da maganar da Malam ya taɓa yaɓa masa, yana maimaita ta da alfahari. Ni sai dai in taya su dariya.

Bara na hango Malam a Tina Junction yana jiran keke napep, ya tsufa, kai duk furfura. Na rusuna na gaishe shi, na faɗi shekarar da muka gama, har na ƙara da cewa ni ne nake zuwa na ɗaya. Ya daɗe yana kallona. Can sai ya yi murmushi.

"Af, kai ne mai zama kusa da ɗan mahaucin nan. Yana ina yanzu, ja'irin?"