Zama Goma Sha Biyu

Bayan rasuwar mai ɗakina barci ya ƙaurace mini. 'Yata, wadda nake zaune wurinta a Hulme, cikin Manchester, ta kai ni wajen GP, likitan unguwa, shi kuma ya tura ni wurin masu sauraron damuwar mutane. Lokacin gwamnati na tsuke bakin aljihu, sai da na yi wata takwas ina jira.

Wadda aka haɗa ni da ita Baturiya ce, a wani ƙaramin ɗaki bayan Oxford Road, kujeru biyu da agogo. Ta ce ita ba ta ba da magani, ba ta ba da shawara. Ni zan yi magana, mu bi sawun abin da ya faro tun ƙuruciya, wanda har yau yake juya ni ban sani ba. Minti hamsin kowace Talata. A da, in ji ta, akan yi shekara guda ko biyu ana wannan aiki. Ni zama goma sha biyu aka ware mini.

Na zauna a Khartoum, na zauna a Jidda da Lyon. Ko'ina in ka kai kuka, ana ba ka haƙuri ne. Nan kuwa shiru take yi, ta zuba mini ido. Zama huɗu na ɓatar ina cewa lafiya lau, ina tambayar ta ya mutanen gida.

A zama na tara ta ce, "'Yarka kana kiran sunanta. Matarka ma. Ɗanka kuwa kullum 'wancan na Birmingham'."

Na yi dariya, na bayyana mata kunyar ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane. Haka mahaifina ya yi mini, ni ma ɗan fari ne.

"Ya ka ji a lokacin?"

Ni na tashi a gidan da kakanni da baffanni suka cike gurbin. Ɗana a flat ya tashi, 'yan ɗakuna a gidan bene, daga ni sai uwarsa. Ita ce ke gaya masa ina son sa. Tun ranar jana'izarta bai kira ni ba.

Mun fara taɓa wannan ke nan zama goma sha biyun suka ƙare. Baturiyar ta ce ba yadda za ta yi, akwai masu jira.

Asabar ɗin na hau bas zuwa Birmingham. Tun daga Manchester nake maimaita sunansa a zuci. A unguwar Sparkhill ɗana ya buɗe ƙofa, ya rusuna.

"Baba! Lafiya dai?"

"Lafiya lau," na ce. "Ya yara?"

Muka sha shayi, muka yi zancen sanyi da tsadar haya. Da la'asar ya raka ni bakin Stratford Road, ya tsaya har bas ta zo. Sai da muka hau babban titi na faɗi sunan a fili, matar da ke kusa da ni ta waiwayo.