Minsharin Yaya

Na fara aikin buga takardu a wani ofishin gwamnati a nan Katsina bayan soja sun koma bariki, lokacin da kowa ke cewa yanzu talaka zai sha jar miya. A ofishin nan na koyi bambancin "an ware" da "an saki". Duk shekara da hannuna nake buga cewa an ware kuɗi don kula da masu shan ƙwaya. Saki kuwa, ban da na aure, ban taɓa ganin an yi shi ba.

Yayana ɗan acaɓa ne, shi ke riƙe da gidanmu na Ƙofar Guga tun rasuwar mahaifinmu. Mota ta kaɗe shi, ƙafa ta karye, aka kai shi wurin mai ɗori. Wani abokinsa ya kawo masa ƙwayar tramol don ya rage zafi. Ƙafa ta warke, ƙwaya ta zauna daram, daga baya ma ya haɗa da maganin tari na kwalba. Matarsa ta yi haƙuri har ta gaji, ta kwashe yara ta koma gidansu.

Abin da ke ci mini rai shi ne Yaya ya so ya bari. Wata safiya ina shirin fita ya tare ni a zaure, ya rame, wuya duk ya fito.

"Ke 'yar boko," ya ce, "wai ba ku da wurin da aka kai irinmu? Ni dai na gaji da kaina."

Inna, mahaifiyarmu, ta leƙo daga tsakar gida. "Ai na ji a rediyo an ware kuɗi. Ki tahi ki gaya ma ogan naku, ɗan'uwanki ne."

Na gaya wa ogan. Mutumin kirki ne, har ya cire tabarau ya yi mini jaje. "Malama, an ware kam," ya ce. "Ba a dai saki ba. Mu ga bayan zaɓe." Muka nemi wurin jinya na kuɗi, ya fi ƙarfinmu. Aka nuna mana wani gida inda ake sa wa mutane mari a ƙafa, Inna ta ce ɗanta ba jaki ba ne. Muka zauna jiran zaɓe.

Wata Asabar da zafi, bayan azahar, Yaya ya shigo yana tangaɗi ya kwanta a ɗakinsa. Ina wanki na fara jin minsharinsa, mai kauri, yana yi yana yankewa kamar injin markaɗe da mai ya ƙare masa. Har dariya na yi. Da aka kira la'asar na shiga na girgiza shi, na kira shi sau uku, ko motsi bai yi ba.

"Ƙyale shi," in ji Inna daga bakin ƙofa. "Kwana nawa bai samu barci ba? Ya rama sallar in ya tashi."

Na ƙyale shi. Na ma sake masa labule don kada haske ya dame shi. Kafin magariba minsharin ya tsaya, washegari da safe aka kai shi makwancinsa.

Zaɓe ya zo ya wuce, sabuwar gwamnati ta hau. Oga ya kakkaɓe wani tsohon fayil ya ce in sake bugawa da sabon kwanan wata, za a sake roƙon kuɗin. A ciki akwai wata takarda da Hausa, wadda aka shirya raba wa unguwanni. Ta ce in mai shan ƙwaya yana minshari mai yankewa, an tashe shi bai tashi ba, to ba barci yake ba, numfashinsa ne ke ƙarewa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti, akwai allurar da ke iya farfaɗo da shi.

A ƙasan takardar na ga haruffan sunana. Ni na buga ta, tun Yaya yana da rai. Mai buga takardu ba ta karatu, daga ido sai yatsu, kai ba ya sanin abin da ya wuce. An ajiye ta ana jiran kuɗin ɗab'i. Na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska, na dawo na buga musu abinsu. Har yau ba a saki ba, kuma na daina sa rai.

Na dai yi kwafin takardar da kaina. Na raba a unguwar Kambarawa, na bai wa 'yan acaɓan Ƙofar Kaura. Unguwarmu ce kaɗai ban kai ko ɗaya ba, alhali na san gidajen da suke buƙatarta, gida-gida na san su. Tsoro nake kada wata maƙwabciya ta karanta wa Inna.

Don ita Inna abu ɗaya ke riƙe da ita. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta faɗa masa: "Bai wahala ba, cikin barcinai Allah ya ɗauke shi. An so a tashe shi ma, ni na hana." Sai ta juyo gare ni. "Ko ba haka ba?"

"Haka ne, Inna," nake cewa.