Ƙuri'ar Ɗiyar Fari

A shekarun farko na mulkin kai, kowa a Dakoro shugaba yake son zama. Mahauta sun kafa ƙungiya, maɗinka sun kafa, har masu jan ruwa a rijiya sun zaɓi shugaba da mataimakinsa. Ni a lokacin mushe ne a lakwal, wato malamin makarantar boko, da wandona mai kari da alƙalami biyu a aljihu, ina ganin duk ƙasar nan ni take jira in rubuta mata doka. Kaina yana rawa, ba na musu. Amma ƙungiyar da na shiga da raina da jikina ba ta malaman lakwal ba ce, ta wasu yara ce da yawancinsu ba sa magana.

Ɗiyata tana cikinsu. Shekararta tara a lokacin. Ba ta kallon mutum cikin ido, ba ta wasa da yara, tana iya wuni tana zuba rairayi daga wannan hannu zuwa wancan tana kallon zubarsa, fuskarta a sake kamar mai jin labari mai daɗi. Amma in babbar mota ta yi ƙara kusa da ita, sai ta toshe kunnuwa ta yi ta buga kanta da bango har jini ya fito. Mutanen gari suna cewa iska ce, wasu su ce 'yar ruwa ce aka musanya mana. Sai da na tsufa na ji likitoci suna kiran abin otizim. Mu dai abin da muka sani shi ne mu kulle ta a ɗaki ranar kasuwa, da duk ranar da motoci suka yi yawa. Kuma ita ce ta fari, don haka ban taɓa kama sunanta ba, ban taɓa riƙe hannunta a gaban mutane ba. "Yarinyar can" nake cewa. Mahaifiyata ce mai fita da ita, mai faɗa da duk wanda ya nuna ta da baki.

Wadda ta fitar da ita daga ɗakin nan wata dattijuwar Bafillata ce daga wajen Azagor, mai kawo mana nono da man shanu. Kowa Inna yake ce mata. Tana da ɗa babba, ya haura ashirin, bai taɓa furta kalma ba, amma shi ke shayar da dabbobinsu, kuma ko saniya ɗaya ba ta taɓa ɓace masa ba. Wata rana ta ji kukan yarinyar daga cikin ɗaki, ta sauke ƙwarya, ta leƙa ta taga, ta daɗe tana kallo. Da ta juyo sai ta ce da ni, "Mushe, ɗiyar ga irin nawa ta. Ku bar rufe ta. Ku kawo mani ita gindin aduwa gobe da sahe."

Aduwar tana can bayan gari, inda ba ka jin komai sai kukan kurciya da na awaki. Nan Inna take sauka da rani. Cikin wata biyu yara sun kai goma sha biyu har da ɗanta, don ashe kusan kowace unguwa akwai ɗakin da ake kullewa. Ba ta da magani ko laya. Tana da dokoki dai: ba a ihu, ba a jan yaro da ƙarfi, kowa da wurin zamansa kuma ba a canza masa, fura tana zuwa lokaci ɗaya kullum. Ɗiyata ta yi wata guda ba ta buga kanta ba. Ranar da mahaifiyata ta dawo ta ce yarinyar ta karɓi ludayi da hannunta, na shiga aji na ba yara hutu ba dalili, shugaban lakwal ya yi ta yi mini faɗa ina dariya.

Da muka je neman a ba mu filin aduwar, kumandan mai mulkin yankinmu ya ce ba a ba wa itace fili, sai ƙungiya mai dokoki a rubuce da shugabanni zaɓaɓɓu. Ai kuwa ya taɓo ni inda nake so. Kwana uku na yi ina rubutu, na cika kaye guda, littafin rubutu irin na 'yan lakwal. Na aika Maradi aka sassaƙo mana tampo, wato hatimin ƙungiya, ranar da ya iso na buga shi a kan takarda, na buga a bayan hannuna, na buga wa ƙofar ɗakina. Matata ta ce in na ƙara za ta ɓoye shi cikin tukunyar daddawa.

Nan Alhaji ya shigo. Babban ɗan kasuwar hatsi ne, motocinsa suna kai gero Maradi su wuce Najeriya su dawo da kaya. Ɗan ƙanensa yana cikin yaran. In faɗi gaskiya, mutumin kirki ne. Shi ya ba mu zana da itacen rumfa, shi yake aiko da geron fura, bai taɓa gori ba. Amma Alhaji ba ya iya alheri a ɓoye, kuma yana son a ce masa shugaba. Ya ce in an zaɓe shi zai gina wa yara ɗaki na ƙasa mai rufin kwano a ƙofar gidansa, daidai bakin tasha, inda baƙi da manya za su gani su taimaka. Na ce masa, "Alhaji, nan ne motoci ke lodi." Ya ce, "Su saba, mushe. Mu ma da haka munka saba." Na koma gida raina a ɓace. Na san in aka kai rumfar tasha, ɗiyata ta koma ɗakin nan ke nan, kuma wannan karon ta riga ta san akwai waje.

Sai na yi dabara, irin ta mai alƙalami biyu. Alhaji yana da yaran shago da 'yan dako da za su iya cika fili ranar zaɓe. Don haka na ƙara doka ɗaya cikin kaye: kowane yaro yana da ƙuri'a ɗaya, kuma ba mai jefa ta sai wanda ya tashi gaban taro ya faɗi sunan yaron da abin da ya haɗa su. Na karanta wa iyaye, suka ce madalla. Na lallashi Inna ta tsaya takara, ta ce ita ba ta san takarda ba, na ce takarda tawa ce, yara nata. Na yi lissafina na ga muna da bakwai, Alhaji biyar. Na yi ta yawo a gari ina jin kaina kamar ni na ƙwato ƙasar daga hannun Nasara.

Kwana biyu kafin zaɓe ƙanwata ta haihu a Korahane, mahaifiyata ta hau jaki ta tafi. Ko a jikina. Ban tuna cewa ita ce za ta tashi ta faɗi sunan ɗiyata ba.

Ranar zaɓe, da hantsi, gindin aduwa ya cika. An shimfiɗa tabarmi, maza a gaba, mata daga gefen rumfa, yaran kuma Inna ta sa an zaunar da su can nesa kaɗan, kowa a wurinsa. An gayyato dattawan gari su shaida, cikinsu har da surukina, mahaifin matata, mutumin da tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga murya inda yake ba. Ya zauna a tabarmar gaba da carbinsa. Kumandan ya aiko sakatarensa, wani baƙo daga can ƙasashen bakin teku, mai son doka fiye da ni. Ya karɓi kayena ya karanta dokar, ya ce da Hausarsa ta kasuwa kowa ya tashi ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi sunan yaro, ya je ya tsaya bayan wanda yake so.

Mutanen Alhaji suka tashi da sauri, su biyar, suka faɗi, suka jeru bayansa. Daga namu uku suka tashi, wata kaka da kawu da wata uwa mai ɗan auta. Sai sakatare ya dubi Inna ya ce ita ma sai ta faɗi. Na san ɗanta na fari ne, kuma kunyar Fulani ta fi tamu nisa. Ta miƙe, ta gyara zane, ta faɗi sunansa da ƙarfi, ta ce, "Ɗana na, ni na haihe shi. Kunyata ta ƙare cikin daji tun ran da anka ce in yar da shi." Mata suka rufe baki. Huɗu ke nan.

Daga nan ba wanda ya ƙara tashi. Saura ƙuri'a uku, kuma a lokacin ne na dubi sauran biyun na gane abin da na aikata. Wani mahauci ne da wani manomi, dukkanmu 'ya'yan fari muka kawo. Mahaucin yana kallon ƙasa, manomin ya sami aiki da igiyar takalminsa. Dokar da na rubuta don in kama Alhaji, mu ta kama. Sakatare ya ɗaga alƙalami ya ce in ba mai magana zai rufe, biyar da huɗu.

Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya na ce masa da Faransanci a al'adarmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ya bari in nuna ta da hannu. Ya buɗe kaye ya sa yatsa a kan rubutuna, ya ce, "Wa ya rubuta wannan?" Wallahi da ba don mutane ba da na fizge kayen nan na cinye shi. Alhaji yana murmushi, ba na mugunta ba, har ya fara gyara babbar rigarsa. Wani daga cikin yaran shagonsa ya ce a hankali, yadda zan ji, "Mushe ya manta karatu."

Na dubi inda take. Tana zaune a wurinta, ta miƙe ƙafafu, inuwar aduwa a kanta, ba ruwanta da mu. Na dubi surukina, ya daina jan carbi. Gumi ya jiƙa mini riga, ni da nake tsayawa gaban yara sittin ina tsawa. Tsoro nake ji, tsoron dattijon nan da bakin mutanen gari. Amma haushin kaina ya fi tsoron yawa. Na taka zuwa tsakiyar fili, na faɗi sunanta. Muryar ta fito 'yar ƙarama, sakatare ya ce bai ji ba. Sai na sake faɗi yadda har matan da ke bayan rumfa suka ji, na ce, "Ɗiyata ta. Ta fari." Na je na tsaya bayan Inna, kunnuwana suna zafi.

Ban kai ga sauke numfashi ba sai ga mahauci ya zabura, ya faɗi sunan ɗansa da sauri kamar mai haɗiye magani mai ɗaci, ya zo ya tsaya bayana. Manomi ya biyo shi, takalmi ɗaya a hannu. Bakwai da biyar! Sakatare ya rubuta, ya karɓi tampona ya buga. Mata suka ɗaga hannu za su rangaɗa guɗa, Inna ta juya ta zare musu ido, ta nuna yara. Wannan ne umarninta na farko a matsayin shugaba. Suka danne bakinsu, suka kwasa da gudu har bakin hanyar Tagriss, can muka jiyo guɗarsu siririya, mu kuma maza muna ta musabaha muna dariya ba sauti. Ban taɓa ganin murna irin ta ranar ba.

Alhaji ya ba ni mamaki. Ya zo ya ce wa Inna, "To, shugaba, geron hura yana nan yadda ya saba." Ta ce masa shi ne uban ƙungiya, duk ran da manya suka zo shi zai tarbe su, amma a ƙofar gidansa, ban da gindin aduwa. Ya yi dariya ya yarda. Ni aka ba ni sakatare, aka ce in ci gaba da rubutu, amma mahauci ya roƙi arziki duk dokar da zan ƙara in fara gwada ta a kaina.

Taro yana watsewa na so in sulale ta bayan rumfa. Sai aka ce surukina yana kira. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa, kaina a ƙasa, ina shirya ban haƙuri. Na ce, "Baba, a gafarce ni, larura ce ta sa." Ya ɗauki sandarsa ya miƙe. Ya dubi wajen jikarsa, sannan ya dube ni.

"Na ji ka," in ji shi. "Shekara tara ina jiran in ji ko yarinyar ga tana da uba."