Gwiwar Inna

Ni ce 'yar farin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Gwaggona ce ta raine ni, a wani sashe na gidanmu na Djougou, gidan da kakanninmu fataken goro suka kafa. In Inna tana son ruwa, ni kaɗai kuma a tsakar gida, sai ta dubi randa ta ce, "Babu mai ba mutum ruwa a gidan nan ne?" Da na yi aure a Parakou, gidan wani mahauci, sai na koma "mutanen Parakou". Ban taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba. Kunyar ɗan fari ce, haka ta tarar ana yi.

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai, ƙasarmu tana amsa sunan Dahomey tukuna, motar doya da ta ɗauko Inna daga kasuwar Kolokondé ta kife a hanya. Wasu sun mutu. Ita kaya ne suka danne mata gwiwar dama, ƙoƙon ya fashe. Aka kawo ta asibiti a Parakou, aka ɗaure ƙafar da siminti daga cinya har idon sawu. Ranar da aka fasa shi, ƙafar ta fito siririya, fatar ta yi furu-furu, a miƙe sambal kamar taɓarya.

Ma'aikacin da ya sallame mu ɗan kudu ne, yana haɗa Faransanci da ɗan yaren Dendin da ya iya. Ni ya nuna wa aikin. Ya ce in kwantar da ita rub da ciki, in kama idon sawun, in riƙa tura dunduniya wajen cinya a hankali, safe da yamma.

"Za ta ji zafi, kada ki daina," in ji shi. "In ya wuce misali za ta faɗa miki, sannan ki tsaya."

Na ce to. Ban san yadda zan gaya masa cewa matar nan ba ta faɗa mini komai ba.

Tafiya ba ta dami Inna sosai ba. Salla ce ta dame ta. Tun ranar haɗarin a zaune take yi, ƙafa a miƙe gabanta, tana nuni da kai. Limamin unguwarmu ya aiko cewa ya halatta. Ta ce a gaya masa ta gode, amma ita so take goshinta ya taɓa ƙasa, ta lanƙwasa ƙafa ta yi zaman tahiya kamar kowa.

Maigidana ya kwashe kayansa ya koma wajen wansa kusa da mayanka, don suruki ba ya zama gida ɗaya da surukarsa. Kullum da safe sai ya zo ya cire takalmi, ya tsuguna bayan zana ya gaishe ta, ya ajiye ƙashi mai ɓargo don romo, ya tafi.

Kwanakin farko shiru muka yi aikin. In shafa man kaɗe, in kama ƙafar, in tura. Ita ta cusa bakin mayafi cikin baki. Ina ganin zufa tana bin ƙeyarta, amma ko uhum. Wani lokaci in saki da wuri don tsoro, wani lokaci in ci gaba don ban ji komai ba. Wata safiya muka tashi gwiwar ta kumbura suntum, ta yi zafi kamar an ɗora ta a murhu.

Ranar ce maƙwabciyarmu ta shigo, wata tsohuwa 'yar Bargu wadda muke sayen man kaɗe wurinta. Ta tsaya ta kalle mu, ta riƙe haɓa.

"Kai, ku Hausawa! Ke ba ki magana, ke ba ki tambaya. Da ladabi za ki ɓalle mata ƙafa?" Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna daidai kan Inna. "To tsohuwa, ni ba ke kika haife ni ba. Ni za ki gaya wa."

Da kumburin ya saɓe muka koma aiki, maƙwabciyar tana zaune a wurin. Na tura, na tura, sai na ji muryar Inna ƙasa-ƙasa: "Ce wa mutanen Parakou ya isa."

Tsohuwar ta ɗaga murya kamar mai shela a kasuwa: "Mutanen Parakou! An ce ya isa!"

Inna ta kifa fuska a matashi, kafaɗunta na rawa. Dariya take yi.

Maƙwabciyar tana da kasuwarta, ba kullum take zuwa ba. Amma kujerar ta zauna a wurin, Inna kuma ta ci gaba da yi mata magana ba kowa a kai. "A ce wa mutanen Parakou su ƙara kaɗan." "A ce musu hannunsu ya yi sanyi yau." Ni kuma in amsa wa kujerar, "An ji." Duk rayuwata ban taɓa yin hira da uwata kamar ta waɗancan makonni ba.

Gwiwar ta fara saki. Ta iya zama kan turmi a kife ta ja ƙafar baya. Ta fara zagaya tsakar gida da sanda. Wata la'asar na leƙa na gan ta a kan tabarmar salla, ta dafa ƙasa da hannu biyu, tana sunkuyawa. Saura kamar faɗin tafin hannu tsakanin goshinta da tabarma, ƙafar ta ƙi. Ta koma ta zauna. Na janye kafin ta gan ni.

Ana shirin damina ƙanena, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinmu, ya zo.

"Yaya, magana ake a Djougou. Uwa a gidan suruki, mai gida yana kwana a waje? Sai ka ce ba ta da 'ya'ya maza."

Na ce masa saura kaɗan. Na ce in an bari yanzu ƙafar komawa za ta yi yadda take. Ya ce ai matarsa na nan. Muna cikin magana na waiga, Inna ta riga ta ɗaure kayanta. Zaman nan ya daɗe yana yi mata nauyi, duk safiya da ta ji takun maigidana bayan zana.

Na raka su har Djougou, na nuna wa matar ƙanena yadda ake yi. Mace ce mai kirki. Ta kama ƙafar, ta tura, Inna ta ce "wash", sai ta saki ta durƙusa tana neman gafara. Wace ce za ta sa uwar mijinta kuka? Gidan kuma cike yake da masu hidima. In ta miƙa hannu wajen buta an riga an kawo. In ta yunƙura za ta tashi, a ce, "Zauna, Inna, me kike so?" Masu zuwa dubiya tun safe har yamma, ba ta yadda za ta kwanta rub da ciki a gabansu.

Da Babbar Salla na koma Djougou. Ƙafar ta sake zama taɓarya. Na bari ɗakin ya yi sauƙin mutane, na ɗauko man kaɗe, na tsuguna na kama idon sawun. Ko motsi gwiwar ba ta yi. Inna ta dubi bakin ƙofa, inda babu kowa.

"A ce wa mutanen Parakou su bar shi haka. Sun yi nasu. Allah ya yi musu albarka."

Ta ƙara wasu shekaru, tana sallarta a zaune. Goshinta bai sake taɓa ƙasa ba.

Ranar da ta rasu, Gwaggo da wata tsohuwa suka yi mata wanka, ni ina zuba ruwa. Da suka zo shirya ta cikin likkafani, sai da suka tausa ƙafar hagu kafin ta miƙe. Ta dama ba su taɓa ta ba.