Sakatar Ɗakin 'Yan Tsaki

Ko na so in manta da ranar Alhamis ɗin nan ta watan Agusta, jikina ba zai bar ni ba. Har yanzu idan na wuce mai gasa masara a bakin titi na ga jan garwashi, sai in kau da kai in sauya hanya. Hajiya Talatu ce ta ce in rubuta abin da ya faru saboda ku da kuka shigo aikin nan bayana, don kada ku tsince shi guntu-guntu a bakin mutane. Na ce mata ni ban iya ba da labari ba. Ta ce ai ba don ado Babana ya kai ni sakandare ba. To, ga shi yadda na iya.

Gidan kajin namu yana kan hanyar Bukuru. Hajiya ta kafa shi bayan rasuwar mijinta, lokacin da gwamnatin soja ta fara kira a rediyo cewa kowa ya koma noma da kiwo. Ba babban wuri ba ne. Ita ce a sama, sai Oga Pam shugaban ma'aikata, sai masu kwasar ƙwai, sai ni can ƙasa, mai kula da ɗakin 'yan tsaki. Oga Pam bai taɓa kirana Rakiya ba. "Uwar kaji" yake ce mini, ranar da na yi masa gardama kuma in koma "Sakandare".

Sunan nan na farko gaskiya ne. A kwali ake kawo mana 'yan tsakin, jiya-jiya aka ƙyanƙyashe su, ba uwar da za ta rufe su da fiffike. Dole a ba su ɗumi har su yi gashin kansu, in ba haka ba sanyin Jos ya kwashe su. Mu a lokacin manyan ƙwayayen lantarki muka jera daga rufi, suna ci dare da rana. Ɗakin kuwa dogo ne, rufin kwano ne mai tsayi, iska na shiga ta ko'ina.

Duk wata idan aka kawo takardar kuɗin wuta, Hajiya takan tsaya gaban mita tana kallon faifan nan na ciki yana juyawa. Takan ce yana gudu kamar ɓarawon da aka biyo daga kasuwa. Muna dariya, amma ba abin dariya ba ne. Ta hana kunna fitilu da rana, ta kwashe hitar da masu ƙwai ke dafa shayi da ita, duk da haka faifan bai sassauta ba, don ɗakina ne mai cin wutar. Wata rana ta kira ni da Oga Pam ta faɗa mana gaskiya: idan ba a sami hanyar rage wutar nan ba, za ta daina rainon 'yan tsaki, ta riƙa sayen kaji da suka riga suka tasa. Ba ta ce za ta sallame ni ba. Ba sai ta faɗa ba. Idan babu 'yan tsaki, me uwar kaji za ta zauna yi?

A cikin wannan hali ne mai kawo mana abincin kaji ya ce ai wasu gidajen sun daɗe da komawa gawayi. Hajiya ta sayo babban kasko. Aka kashe yawancin ƙwayayen. Don kada ɗumin ya tsere, ta sa aka toshe tagogi da buhuna, aka cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Kwanakin farko lafiya lau, saboda ina yawan shiga da fita, ƙofar ba ta daɗewa a rufe. Na riƙa tashi daga aiki da ɗan ciwon kai, na ɗauka gajiya ce.

Ranar Alhamis ɗin, tun da hantsi aka kece da ruwa, har da ƙanƙara. 'Yan tsakin suka dunƙule wuri ɗaya suna kuka. Na ƙara sabon gawayi a kaskon, iska kuma ta dinga bankaɗo ƙofa, sai na tura sakata ta ciki. Na zauna a kan buhun dusa ina kallonsu.

Abin da ya fi tsorata ni idan na tuna shi ne, ban ji tsoro ba a lokacin. Kaina ya yi nauyi, wani barci mai daɗi ya fara jana. Na ga 'yan tsakin suna kwanciya ɗaya bayan ɗaya, na ce a raina sun ji ɗumi. Da na ga wani ya kife a bayansa ƙafafu sama, na yunƙura in tashi. Ƙafafuna suka ƙi. Ina ganin ƙofar, ina ganin sakatar, ba nisa, amma kamar a wani gari suke. Na buɗe baki in kira, ban san ko murya ta fita ba.

Sauran labarin a bakin mutane na ji. Oga Pam ya fito daga sito da buhu a ka, ruwan ya ɗan tsagaita, sai ya tsaya cak a tsakar gida. Ya ce shirun ne ya tsayar da shi. Ɗakin da kukansa ke hana mutum jin maganar na kusa da shi, ya yi tsit. Ya buga ƙofa, ba amsa. Bai tsaya neman kowa ba, ya sa kafaɗa ya ɓalle ta, ya jawo ni waje cikin ruwa, ya koma ya fincike buhunan tagogi, ya yi waje da kaskon. Shi ma da ya fito sai da ya durƙusa yana amai. A bayan a-kori-kurar mai sayen ƙwai aka kai ni asibiti, Hajiya na riƙe da kaina a cinyarta.

Likita ya ce gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba a ganinta. Ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da ba wannan maganar ake yi ba. 'Yan tsakin da yawa ba su tashi ba.

Da aka sallamo ni na koma gidanmu a Anguwan Rogo, Babana ya ce na gama da wannan aiki. Babana tela ne yanzu, amma a haƙar kuza ya yi ƙuruciyarsa. Ƙanensa da suke uwa ɗaya ya shiga ramin loto, wato ramin haƙar kuza, wata safiya, mugunyar iskar ƙasa ta kama shi a ciki, da igiya aka fito da gawarsa. Ban yi musu ba. Ni ma idan na rufe ido sakatar nan nake gani. Amma idan na tuna ba zan ƙara jin motsin 'yan tsaki a tafin hannuna ba, in koma zaman tsakar gida bayan duk karatun nan, sai kuka ya zo mini. Ban san wanne na fi tsoro ba.

Hajiya ta zo gidanmu da kanta. Ta ƙi kujerar da Inna ta kawo, ta zauna a tabarma. Na zaci za ta ce laifin mai abincin kaji ne, ko ta ce ƙaddara ce kawai, kamar yadda duk masu zuwa dubiya suke ta faɗa. Ina daga ɗaki na ji ta ce:

"Malam Sale, ba mai abinci ba ne, ba Pam ba ne, ba ruwan sama ba ne. Ni na ce a toshe tagogin nan da bakina. Na tsaya kallon mita, ban kalli 'yarka ba."

Babana ya ce, "Hajiya, na riga na ba wa mugunyar iska mutum ɗaya. Ba ni da na biyu."

Ba ta roƙe shi ba. Ta ce gaskiyarsa, ita ma uwa ce. Abu ɗaya ta nema: kafin ya rufe maganar, idan ta aiko, ya zo ya ga ɗakin da idonsa.

A makonnin da na yi a gida, ashe Hajiya ba ta zauna ba. Mace mai shekarunta ta dinga hawa motar kiya-kiya tana bin gidajen kaji, ta je wurin malaman dabbobi, tana tambaya kamar 'yar makaranta. Abin da ta gano, ta ce har kunya ya ba ta. Duk wutar nan da muke ƙonawa, rufi da bango muke ɗumamawa, don zafi sama yake tashi, 'yan tsakin kuwa ko idon sawu ba su kai ba. Ta je kasuwar Bukuru ta sa maƙeri ya buga mata faffaɗan murfi na kwano kamar kifaffen faranti. Aka rataye shi da sarƙa daidai gwiwa, aka sa ƙananan ƙwayaye 'yan kaɗan a ƙarƙashinsa, aka kewaye wurin da kwali, aka shimfiɗa garin katako mai kauri a ƙasa. Sannan ta kira magini ya fasa ramuka a saman bango, waɗanda ba su da murfi, ba kuma za a yi musu ba.

Ranar da ta aiko, na bi Babana amma na tsaya a waje. Ya shiga ya zagaya ɗakin a hankali, ya ɗaga kai ya kalli ramukan, ya durƙusa ya sa hannu ƙarƙashin murfin. Oga Pam na yi masa bayani cewa 'yan tsakin ne da kansu ke faɗar abin da suke so: in sun cunkushe a tsakiya sanyi suke ji, in sun gudu gefe zafi ya yi yawa. Suna girma ana ɗaga sarƙar, ana cire ƙwai ɗaya-ɗaya.

Babana ya ce duk ya gani, amma ranar da aka ɗauke wuta fa? Ba gawayin za a koma ba? Hajiya ta nuna masa murhu can waje ƙarƙashin rumfa. Ta ce a nan za a tafasa ruwa, a ɗura a galan, a naɗe da buhu a tura ƙarƙashin murfin. Wutar gawayi ba za ta ƙara tsallake bakin ƙofar nan ba muddin tana raye.

Daga nan ta kwance bakin zanenta ta fito da wani abu ta miƙa masa. Sakatar ce, a lanƙwashe, yadda kafaɗar Oga Pam ta bar ta.

"Ban sa wata ba," in ji ta. "Wannan kai za ka ajiye."

Babana ya juya ta a hannunsa, ya sake juyawa. Oga Pam ya ce da an tambaye shi ma, da kuɗin kafaɗarsa zai nema. Ba wanda ya yi dariya sai Hajiya, ita ma tana share ido. Babana ya zura sakatar a aljihu, ya waiwayo ya dube ni.

"Rakiya, ba kya jin 'yan tsakin nan suna kiranki?"

Na shiga. Ba zan ce muku na shiga da ƙarfin hali ba. Na tokare ƙofar da dutse duk da na san ba abin da zai rufe ta. Har yau haka nake yi, ba kuma wanda ya taɓa ce mini in daina.

Faifan mitar yanzu tafiyar tsohuwa yake yi, Hajiya ta daina tsayawa a gabansa, ɗakin 'yan tsaki kuma bai rufe ba. Abin da na koya shi ne, rage wuta a sana'a irin tamu ba a kashe fitila kawai yake ba, sai ka fara sanin wa kake ɗumamawa. Na kuma koyi cewa akwai masu gida da za su zauna a tabarmar talaka su ce "ni ce", ba tare da kowa ya tilasta su ba. Ban san ko suna da yawa ba. Ni dai na san ɗaya.

Ku da za ku karɓi ɗakin nan idan ba na nan, kada kukan 'yan tsaki ya dame ku, ko ya hana ku jin rediyo. Ranar da kuka zo wucewa kuka ji shiru, ku ajiye duk abin da ke hannunku ku ruga.